Tuna Mahaifi: Don Shi Ne, Ko Don Kanmu?



Akwai tambayar da ba a yi a zaman makoki, domin ba wurinta ba ne. Takan zo wa mutum ne bayan an watse, an naɗe tabarmi, shekaru sun shuɗe. Idan muka zauna muna tuna mahaifinmu da ya rasu, muna ba da labarinsa har ƙwalla ta cika mana ido, wa ke cin moriyar wannan tunawar? Shi da ke kwance a kabari, ko mu da ke zaune a kan benci?

Tambayar ta fi shafar irinmu mazauna Kurmi. Kaburburan iyayenmu suna can gida, tafiyar yini guda cur a mota, wani lokaci har da kwana. Wani sai ya haɗa shekara biyar bai tsaya a kan kabarin ubansa ba. Abin da ya rage mana a hannu shi ne tunawa. To, ya kamata mu san darajarta, mu kuma san inda ta tsaya.

Kowane maraya yana da ƙofar da mahaifinsa ke shigo masa ta cikinta. Ɗan tela, ƙarar keke ce. Ɗan manomi, ƙamshin ƙasa ne bayan ruwan farko. Mu da muka rubuta wannan 'ya'yan masunci ne daga ƙasar Yawuri, a bakin Kogin Neja wanda mu muke kira Kwara, don haka tamu ƙofar ruwa ce. Duk ranar da mota ta hau da mu doguwar gadar nan da ta ratsa ruwan Legas, muka hango mutum tsaye a kwalekwale yana jefa birgi, to an gama, Baba ya shigo.

Tun muna 'yan shekara bakwai zuwa takwas yake ɗaukarmu. Da la'asar sakaliya a je a zuba kalli, a kafa mamari, a dawo. Kafin assalatu kuma a koma ɗagawa. Aikin ƙarami shi ne kwarfe ruwan da ke shigowa jirgi da 'yar ƙwarya. In ka ƙara girma a ba ka filafili, in ka ƙara a bar ka ka taɓa raga. Birgi kuwa sai hannu ya yi ƙwari, don jefa shi ya buɗe kamar faifai ba wasan yara ba ne. A nan muka san kifi da sunansa da halinsa: karfasa da tarwaɗa na kullum, ƙurungu mai ƙaya da ke kuka in an kama shi, tsage mai haƙora, yauni, bargi, sai giwan ruwa, wanda in Allah Ya kawo babba guda sai gida ya yi sati yana murna. Minjirya kuwa ba a gaya wa yaro sau biyu. Ranar da ta ja ka, ka gama karatu.

Baba ba mai yawan magana ba ne, a ruwa kuma ya fi shiru. Sai mu yi awa uku ba abin da ya fito daga bakinsa sai "ja", "saki", "a hankali". Amma ido yana gani. In ƙaramin kifi ya shigo, sai ya cire shi ya mayar, ya ce, "Wannan na baɗi ne." Idon raga da yatsa ake auna shi, shi kuma bai yarda da raga mai ƙaramin ido ba, wadda ke kwashe uwa da 'ya'ya. In muka bi ta kusa da ragar wani, ko kifi na tsalle a ciki, ko duhu ne ba mai gani, sai ya karkata jirgi ya wuce. In mun fito gaɓa, kafin a yi ciniki, sai ya ware na wata tsohuwa da ba ta da kowa. Ranar da ruwa ya hana kuwa, ya wanke raga, ya shanya, ya ce, "Yau ba rabonmu. Alhamdu lillahi." Shi ke nan. Bai taɓa zaunar da mu ya ce yau zan koya muku amana ko haƙuri ba. Gani ya kori ji.

Akwai wani abu guda da yake yi wanda sai da muka girma muka gane shi. An haifi Baba kafin a gina madatsar Kainji. Da aka kammala ta a 1968, ruwa ya tashi ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirai da garuruwan bakin kogi da dama, aka tayar da dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Garin da aka haife shi yana cikin waɗanda ruwa ya ci. To, akwai wani wuri a tsakiyar ruwa, ba itace ba dutse, ba wata alama da mu muke gani, amma in mun iso sai ya tsai da filafili. Ya nuna ƙasa ya ce, "Nan gidan kakanku yake." Sai ya ɗaga hannu ya yi wa ubansa addu'a, mu ce amin, ya shafa, mu ci gaba. Ba ya kuka, ba ya doguwar hira. Shi ma maraya ne da ba shi da kabarin da zai tsaya a kai, kamar yawancinmu a yau. Tunawa ta zo masa, nan take ya mai da ita addu'a.

Amsar tambayarmu tana cikin wannan, amma bari mu bi ta a hankali, domin akwai masu ja.

Wasu 'yan'uwa sukan ce, "Mamaci addu'a yake so, ba labari ba. Wannan zaman tuna baya duk raunin zuciya ne, wanda ya tafi ya tafi." Akwai gaskiya a maganarsu. Labarin kamun giwan ruwa ba ya ƙara wa Baba haske a kabari, ƙwallarmu ba ta sanyaya masa makwanci. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya nuna cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwa, in ban da sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ba a ambaci ɗa mai kewa ba, ba a ambaci ɗa mai iya ba da labari ba.

Sai dai wanda ya ce tunawa rauni ce, ya duba rayuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shekaru bayan rasuwar Nana Khadija yana yawan ambatonta, har Nana A'isha ta faɗa da bakinta cewa ta yi kishinta alhali ba ta zauna da ita ba. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, idanunsa sun zubar da hawaye. Ke nan tunawa da kewa ba aibi ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne. Amma ku lura da yadda yake tuna Nana Khadija: in ya yanka akuya, sai ya aika wa ƙawayenta da nama. Tunawarsa tana da hannu da ƙafa, tana isa ƙofar gidan wani.

Saboda haka mu a ganinmu, tunawa igiya ce da ke jawo addu'a. Wanda ya manta fuskar ubansa, da muryarsa, da wahalar da ya sha a kansa, zai iya cewa "Allah Ya jiƙan mahaifa" bayan salla, amma baki ne kawai ke motsi. Wanda kuwa ya tuna sanyin hunturu a kan ruwa da asuba, ya tuna tsoho ya cire rigarsa ya yafa masa shi ya zauna da 'yar shara, in ya ɗaga hannu addu'ar daga ciki take fitowa. Don haka kada kowa ya ji kunyar tuna ubansa.

Haɗarin yana wani wuri dabam. Tunawa tana da daɗi, ko da mai ɗaci ce. Mutum yakan zauna ya sha ta kamar shayi, ya ji zuciyarsa ta yi laushi, ya ɗauka ya yi wa mahaifinsa wani abu, alhali kansa ya yi wa. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi: a sa hoton tsoho a WhatsApp, a rubuta shekara kaza ke nan, jama'a su turo addu'a, a ji daɗi, a wuce. Ba mu ce laifi ba ne, wataƙila a cikin masu turowa akwai wanda Allah zai amsa masa. Amma kowane ɗan masunci ya san cewa kifi in ya fito daga ruwa yini ɗaya gare shi. Ko a ci, ko a sayar, ko a yi banda. In aka ajiye shi ana kallo ana yaba girmansa, kafin gobe ya lalace. Tunawar da ba a mai da ita komai ba, haka take ƙarewa: ta zama hirar shekara-shekara, ta ƙwace, ta zama ba ta motsa kowa.

Akwai haɗari na biyu, shi ne tunawa tana wanke mutum fiye da kima. Shekara goma bayan rasuwa, kowane uba ya zama waliyyi a bakin 'ya'yansa. Gaskiya kuwa iyayenmu mutane ne. Baba yana da zafin rai. In ka saki igiya a inda bai kamata ba, za ka ji a jikinka. Kuma ba yawon shan iska yake kai mu ba irin na masu hali, hannu yake buƙata, abinci ake nema. Akwai ranakun da muka rasa makaranta saboda ruwa ya kawo kifi. Faɗin wannan ba tonon asirin mamaci ba ne, kuma an hore mu da kame baki daga zagin waɗanda suka riga mu. Abin da muke nufi shi ne, a cikin zuciyarka kada ka mai da ubanka mala'ika, domin mala'ika ba a nema masa gafara. In ka tuna shi a matsayin mutum mai ƙoƙari mai kuskure, wanda talauci ya matsa, wanda gajiya ta sa ya yi faɗa, sai ka roƙa masa gafara da gaske, ka kuma yafe masa naka haƙƙin. Wannan ya fi masa amfani a kan kirari.

A nan ne kuma za mu tuna da ɗan'uwan da ke kusa da mu a sahu, wanda in ana irin wannan hira yake yin shiru. Ba kowa ne ubansa ya ɗauka zuwa ruwa ko gona ko kasuwa ba. Wani ubansa ya rasu yana goye. Wani an kai shi almajiranci yana ɗan shekara shida, bai ƙara ganin uban ba sai a makara. Wani kuwa abin da ya tuna ba mai daɗi ba ne ko kaɗan. Ɗan'uwa, haƙƙin mahaifi bai rataya a kan daɗin tunawa ba. In ka yi masa addu'a alhali ba ka da wani labari mai daɗi da ke tura ka, Allah ne kaɗai Ya san nauyin wannan a mizani. Mu da muke da labarin jirgi da raga, an sauƙaƙa mana ne kawai, ba fin ka muka yi ba.

To, in tunawa ta zo, me za a yi da ita?

Addu'a dai ita ce farko, kuma ba ta buƙatar kuɗin mota. A kan gada, a cikin cunkoso, a shago, duk inda uba ya faɗo maka a rai, kada ka bari ya wuce ba ka nema masa rahama ba. Haka Baba yake yi a tsakiyar ruwa.

Sai bashi. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, alhali hadisi ya nuna ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Masunta da yawa da bashi suke sayen raga, wani ɗan kasuwa ya ba su kaya su riƙa biya da kifi. Manomi yana da bashin taki, mai shago yana da na dillali. Sau da yawa mai bin bashin yakan ji nauyin zuwa gidan makoki ya yi magana, sai ya haɗiye. Mu 'ya'ya mu ne za mu bi mu tambaya. Ko shekara ashirin ta wuce, ba a makara ba.

Sai abokansa. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa. Da abokan tafiyarsa suka yi mamaki, sai ya bayyana musu cewa uban mutumin masoyin Umar ne, kuma ya ji daga Annabi cewa sada zumunci da masoyan uba yana daga mafi girman biyayya. Kowane masunci yana da abokin jirgi, wanda suka yi shekara talatin ɗaya a gaba ɗaya a baya. Kowane ɗan kasuwa yana da maƙwabcin rumfa. Wasunsu suna nan da rai, ido ya tafi, ƙarfi ya ƙare, ba mai leƙa su. Zumunci a ƙafa yake, amma in ƙafa ba ta kai ba, waya tana kaiwa, aike yana kaiwa. Buhun gero ko turmin yadi a hannun direban da ke zuwa gida ba zai karya mu ba. Haka gwaggo da baffa, haka abokiyar zaman mahaifiyarmu da ta zauna da shi. Duk waɗannan amanarsa ce da ya bari.

Akwai kuma wani ɓangare na wannan bashin da ba sama ake biyansa ba, ƙasa ake biyansa, wato wajen 'ya'yanmu. A nan ne maganar ta fi yi mana nauyi, jama'a.

Mu tambayi kanmu, me Baba ya ba mu a cikin jirgin nan? Kuɗi dai ba shi da su. Sana'ar ma yawancinmu mun bar ta, yau wani direba ne, wani canji yake yi, wani yana sai da albasa a Mile 12. Abin da ya ba mu shi ne lokacinsa. Awa huɗu, awa biyar, kullum, a cikin katako mai tsawon taku kaɗan, ba inda za ka gudu, ba inda zai gudu. Muka gan shi yana jin yunwa, muka gan shi ya samu, muka gan shi ya rasa, muka gan shi a inda ba mai ganinsa sai Allah da mu. Halin da muka ɗauka a wurinsa, a cikin waɗannan awoyi ya shiga jikinmu.

Yanzu mu duba namu 'ya'yan a garin nan. Muna fita bayan asuba suna barci, mu dawo bayan isha'i sun yi barci. Sun san mu a matsayin mai ba da kuɗin makaranta da kuɗin cefane, da mai faɗa ranar Lahadi. In Allah Ya ɗauki ranmu, ta wace ƙofa za mu riƙa shigo musu? Wane abu za su gani a hanya da zai sa su tsaya su ɗaga hannu? Ɗa nagari mai addu'a da muke fata, ba a kabari ake samunsa ba, tun yanzu ake shuka shi.

Mun san abin da za a ce: "Malam, neman abinci ne. Legas ba ta jiran kowa." Gaskiya ne, ba mu raina wahalar kowa ba. Amma Baba ma neman abinci yake yi, bai taɓa samun hutu ya ce yau na ware don yara ba. Abin da ya yi shi ne ya sa mu a cikin aikinsa. Ba cewa muke a cire yaro daga makaranta ba, wannan kam kada a maimaita. Ba kuma cewa muke kowa ya ɗauki yara ya nufi Epe ko Badagry ya shiga kwalekwale ba, musamman yaran da ba su iya ruwa ba. Amma akwai Asabar, akwai hutun makaranta. Yaro ya zauna a shago ya ga yadda ubansa ke awo, ya ga an mai da canjin da aka yi kuskure, ya ga yadda ake magana da mai bin bashi da wanda ake bi. A taka tare zuwa sallar asuba, a dawo tare, ko ba a ce uffan ba. A ci abinci a kwano ɗaya, waya tana aljihu. Kuma kada a ce wannan na maza ne kawai. A gidanmu 'yan'uwanmu mata ba sa shiga jirgi, suna wajen banda tare da Inna, kuma har yau in ana hirar Baba sai ka ji nasu labarin ya fi namu gajarta. 'Ya mace ma addu'arta tana isa kabari, ita ma tana da haƙƙin ta san ubanta.

Sannan a ba su labarin kakansu. Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba bai san Kwara ba, bai san mamari ba, wataƙila Yarbanci da Turancin buroka sun fi zama a bakinsa. A gaya masa sunan kakansa, da garinsu, da sana'arsa, da abin da ba ya yarda da shi. A koya masa ya sa shi a addu'a. Ta haka ne mu muka san kakan da ba mu taɓa gani ba, wanda gidansa ke ƙarƙashin ruwa, kuma har yau yana cikin addu'armu.

Don haka in aka sake tambaya, tuna mahaifi don shi ne ko don kanmu, sai mu ce: tana farawa ne don kanmu, kuma ba laifi, rahama ce Allah Ya sa a zuciya. Takan zama don shi ne ranar da ta zama addu'a, ko biyan bashi, ko sallama a ƙofar tsohon abokinsa, ko hali nagari da ya koya mana muka miƙa wa jikansa. Yau Juma'a ce, rana mai sa'ar da ake amsa addu'a. Kafin mu bar masallaci, kowa ya kira sunan ubansa a zuciyarsa. In mun isa gida kuma, kowa ya dubi ɗansa da 'yarsa ya ga ina zai sama musu wuri a cikin makon da ke tafe.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya yafe musu kurakuransu, Ya yalwata makwancinsu, Ya saka musu da alheri a kan wahalar da suka sha a kanmu. Waɗanda nasu ke raye, Allah Ya ba su ikon kyautata musu tun ana tare. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.